Martani ga Stewart Baker kan Ajiyar Makullin Sirri

A fitowarta ta watan Yunin 1994, mujallar Wired ta Amurka ta buga maƙalar Stewart Baker, lauyan da ya riƙe muƙamin babban mashawarcin shari'a na NSA, hukumar da ke tatsar bayanan sadarwa domin gwamnatin ƙasar. Maƙalar kariya ce ga shirin Clipper, wanda gwamnatin Bill Clinton ta sanar ranar 16 ga Afrilun 1993. Clipper wata 'yar ƙwayar lantarki ce da za a dasa a cikin wayar tarho, ta riƙa kulle magana yadda mai satar saurare ba zai ji komai ba sai hayaniya. Sai dai kowace ƙwaya tana da makullinta na musamman, kuma tun a masana'anta ake raba makullin gida biyu, a ba hukumar auna ma'auni ta NIST rabi, a ba wani sashe na ma'aikatar baitulmali ɗaya rabin. Idan 'yan sanda suka samo izinin alƙali, sai su karɓo rabe-raben biyu su haɗa, su buɗe zancen mai wayar. Dabarar lissafin da ƙwayar ke aiki da ita, mai suna Skipjack, NSA ce ta ƙirƙire ta, kuma ta hana kowa ganin cikinta.

Baker ya jera abubuwa bakwai da ya ce ƙage ne masu adawa ke yaɗawa, amma uku ne ginshiƙin zancensa. Ya ce shirin bai ƙara wa hukuma wani iko ba, ikon sauraron waya da take da shi tun da can kawai yake adanawa. Ya ce masu adawa, akasarinsu 'yan sha'awar kwamfuta ne masu mafarkin duniyar da babu hukuma, har ya yi musu ba'a cewa mutane ne da jingar lissafi ta hana su zuwa bikin kiɗan Woodstock, yanzu suke ramuwar gayya. Sannan ya ce manhajar kulle saƙo ta PGP da suke rabawa kyauta, wadda suke taƙamar za ta taimaki masu neman 'yanci a Latbiya, cikin waɗanda suka fara amfani da ita har da wani mai lalata da yara a jihar Kalifoniya. Shekarun da suka biyo baya sun gwada waɗannan da'awoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma ta biyun, wadda aka fi ɗauka a matsayin raha, ita ce ta fi kaucewa daga gaskiya.

Da'awar farko tana da armashi a kunne, amma ba ta tsaya ga lissafi ba. A shekarar 1993, izinin sauraron waya da kotunan tarayya da na jihohin Amurka suka bayar domin binciken laifuka bai kai dubu ɗaya ba. Kowane ɗaya yana buƙatar jami'ai, da kayan aiki, da haɗin kan kamfanin waya, kuma wannan wahalar kanta birki ce. Abin da Clipper ya nema shi ne a tara makullin kowace waya a wuri biyu tun kafin a zargi mai ita da komai, domin a iya sauraron 'yan ɗaruruwa. Wanda aka bi sawunsa bayan an zarge shi, da wanda aka karɓe makullinsa tun ranar da ya sayi waya, ba matsayinsu ɗaya ba ne a gaban hukuma, ko da kuwa ba a taɓa buɗe nasa ba. Baker ya ce a dogara da doka ta tsare ajiyar. Masu karatunsa kuwa ba su manta da kwamitin Sanata Frank Church ba, wanda a 1975 da 1976 ya bankaɗo cewa tun 1945 manyan kamfanonin tangaraho ke miƙa wa hukumomin leƙen asiri, ciki har da NSA bayan kafa ta, kofen saƙonnin ƙasashen waje ba tare da izinin kotu ba, kuma hukumar FBI ta daɗe tana sauraron wayar Martin Luther King. Shekara ashirin ba ta cika da wannan tonon silili ba lokacin da lauyan NSA yake cewa a yarda da NSA.

Kafin a duba da'awa ta biyu, sai an san su wane ne mutanen da ake yi wa ba'ar, da kuma abin da ya haɗa su. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa wata dabara da ta sauya fagen gaba ɗaya, kuma a 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da tsarin RSA da ya tabbatar da ita a aikace. A da, mutum biyu da ke son rubuta wa juna sirri sai sun fara haɗuwa sun yi musayar makulli. Sabuwar dabarar ta ba kowa makulli biyu, ɗaya na rabawa jama'a, ɗaya na ɓoyewa. Tamkar mutum ne ya riƙa rabon buɗaɗɗun kwaɗuna a kasuwa: duk mai son aiko masa da kaya sai ya datse akwatin da kwaɗonsa, kuma da zarar ya datse, ko shi mai aikowar ba zai iya buɗewa ba, sai mai mabuɗin. Jama'a da dama sun fara jin labarin RSA ne a shafin wasan ƙwaƙwalwa na Martin Gardner a mujallar Scientific American ta Agustan 1977, inda aka sa gasar dala ɗari ga duk wanda ya warware wani saƙo da aka kulle da lamba mai alƙaluma 129. Tun daga farko ke nan fasahar ta shigo hannun masu lissafi don nishaɗi.

A watan Yunin 1991 Phil Zimmermann, wani mai rubuta manhaja a garin Boulder na jihar Kolorado, wanda ya yi fafutikar yaƙi da makaman nukiliya, ya saki PGP kyauta tare da rubutun da aka gina ta da shi, yadda kowa zai iya karantawa ya nemi kuskure. Abin da ya zaburar da shi wani ƙudurin majalisar dattawa ne mai lamba 266, wanda ke ɗauke da wani sashe da ke neman kamfanonin sadarwa su tabbatar gwamnati za ta iya samun saƙonni a buɗe. A lokacin dokar Amurka tana lissafa manhajar kulle saƙo mai ƙarfi a cikin jerin kayan yaƙi, don haka da PGP ta tsallaka teku sai hukumar kwastan ta buɗe bincike a kansa a 1993. A ƙarshen 1992 kuma wasu mutane suka fara taron wata-wata a yankin San Faransisko, ƙarƙashin jagorancin Eric Hughes da Timothy May da John Gilmore, waɗanda aka laƙaba wa suna Cypherpunks. Dole a yarda cewa Baker bai ƙirƙiri zarginsa daga iska ba: May da bakinsa yake kiran kansa mai son rushewar ikon hukuma ta hanyar lissafi, kuma tun 1988 ya rubuta haka. Kuskuren Baker shi ne ya ɗauki mafi tsaurin murya ya mayar da ita muryar kowa, ya kuma auna mutanen da abin da wasunsu ke faɗa maimakon abin da dukansu ke yi.

Abin da suke yi kuwa aikin tabbatar da gaskiya ne, kuma mai cin rai. A Afrilun 1994, wata biyu kafin maƙalar ta fito, 'yan sa-kai kimanin ɗari shida da kwamfutoci kusan dubu ɗaya da ɗari shida suka kammala warware gasar Gardner bayan wata takwas suna rarraba aikin a tsakaninsu, kowa na ba da lokacin da na'urarsa take zaune ba aiki. Kyautar dala ɗarin ma sadaka suka yi da ita ga gidauniyar manhajar kyauta. Amfanin aikin shi ne ya nuna wa bankuna da kamfanoni iya tsawon makullin da ya daina zama abin dogaro.

Ranar 2 ga Yunin 1994, lokacin da mujallar da ke ɗauke da maƙalar Baker take kan teburin masu sayar da jaridu, jaridar New York Times ta ba da labari a shafinta na farko cewa Matt Blaze, wani matashin mai bincike a ɗakunan gwaji na Bell na kamfanin AT&T, ya gano ɓaraka a tsarin. Yadda abin yake: duk lokacin da ƙwayoyi biyu za su fara magana, kowace tana aika wani ɗan bayani da ke ɗauke da makullin wannan zancen a kulle, domin 'yan sanda su same shi. Don kada wani ya aika na bogi, an haɗa shi da lambar tantancewa. Tsawon wannan lamba bit 16 ne kacal, bit kuwa shi ne alƙalami ɗaya na kwamfuta, sifili ko ɗaya. Ma'ana, idan mutum ya yi ta jefa bayanan ƙarya, cikin gwaji kusan 65,536 zai dace da wanda ƙwayar za ta karɓa. Blaze ya auna cewa wannan zai ɗauki kimanin minti 42. Daga nan mai wayo zai ci moriyar ƙarfin Skipjack, jami'in da ya zo da izinin alƙali kuma ya tarar da shara. Blaze bai fasa Skipjack ɗin kanta ba, kuma dabarar tasa ta fi dacewa da saƙon rubutu fiye da kiran waya na nan take. Duk da haka ta nuna cewa tsarin zai riƙe makullin mai bin doka, ya saki wanda aka gina shi dominsa. Blaze ma'aikacin kamfani ne mai digirin digirgir, amma hanyar da ya bi ita ce wadda 'yan sha'awar suka daɗe suna nacewa a kai: a miƙa wa mutumin waje kayan ya jijjiga su. Hukumar da ta fi kowa ƙwararrun masu lissafi ta yi aikinta a ɗaki a rufe, sai ga mutum ɗaya da aka ba samfuri ya ga abin da ya shige mata. Kusan gwamnati ce kaɗai ta sayi wayoyin AT&T masu Clipper, kuma zuwa 1996 shirin ya bi ruwa.

Haka aka ci gaba. Doka ta yarda a fitar da manhaja waje ne kawai idan makullinta bai wuce bit 40 ba, ana cewa ya ishi ɗan kasuwa. A Agustan 1995 Damien Doligez, wani ɗalibi a Faransa, ya fasa irin wannan makulli na manhajar Netscape cikin kwana takwas da kwamfutoci ɗari da 'yan kai na wurin karatunsa. Wata guda bayan haka ɗalibai biyu a Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka gano cewa Netscape ɗin tana zaɓen lambobin sirrinta ta hanyar da za a iya cinka, kamfanin kuma ya gyara. Ma'aunin DES mai bit 56, wanda gwamnati ta amince da shi tun 1977 kuma bankuna suka dogara da shi, jami'ai sun yi ta ba da tabbacin fasa shi sai da tarin kuɗi da dogon lokaci. A Yunin 1997 dubban 'yan sa-kai suka fasa shi cikin kwana 96. A Yulin 1998 ƙungiyar EFF, da Gilmore a gaba, ta ƙera na'urar da ba ta kai dala 250,000 ba ta yi aikin cikin awa 56, kuma a Janairun 1999 na'urar da 'yan sa-kai suka haɗu suka sauko da shi zuwa awa 22 da minti 15. Babu wanda ya saci ko sisi a duk waɗannan gwaje-gwaje. Saƙonnin gasa ne da aka tanada don a fasa. Gwamnatin Amurka da kanta ta ɗauki darasin, domin da ta tashi neman magajin DES a 1997 gasa ta buɗe ga duniya, kowa na sukar tsarin kowa a fili, aka ƙare da zaɓen tsarin wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, wanda ya zama ma'aunin AES a 2001.

Wurin da hoton da Baker ya zana ya fi ɓata shi ne batun amana. Makullin rabawa yana da matsala guda: ta yaya mai aikawa zai san cewa makullin da ke ɗauke da sunan wane da gaske na wane ne? Amsar Clipper ita ce hukuma. Amsar PGP ita ce shaidar mutane ga junansu. Idan mutum ya tabbatar cewa makulli na mai shi ne, sai ya sa masa hannu da nasa makullin, wanda ya yarda da shi kuma ya yarda da shaidarsa, a haka sarƙar ke tsawo. Daga nan aka sami al'adar taron sa hannu a makulli, wadda aka daɗe ana yi a tarukan masu manhajar kyauta, irin taron FOSDEM na birnin Burasels. Kowa yana zuwa da takarda da aka buga tambarin makullin mahalarta, jerin haruffa da lambobi arba'in-arba'in, da biro, da fasfo ko katin shaida. Ba a buɗe kwamfuta a wurin. Mutane suna jerawa sahu biyu suna fuskantar juna, kowa ya miƙa wa na gabansa fasfo, a dubi hoton a dubi fuskar, a duba suna, a yi alama a takarda, sannan sahu ya gusa taku ɗaya a sake da na gaba. Sai an koma gida ake sa hannun, kuma wanda shaidarsa ba ta gamsar ba ana tsallake shi ba tare da gardama ba. Shekaru masu yawa aikin Debian, ɗaya daga cikin manyan ayyukan sa-kai na manhajar Linux, ba ya ba mutum ikon shigar da manhaja sai tsofaffin mambobi sun sa hannu a makullinsa. Mutanen da za su tsaya a sahu cikin sanyin Fabrairu suna duba fasfon juna, ko me za a ce da su, ba za a ce ba su son tsari ba. Tsari suka gina wanda ke ɗora wa kowa alhakin shaidar da ya bayar.

Su ma sun koyi haɗarin tara sirri a wuri ɗaya ne ta hanyar ɗanɗana kuɗa. A 1993 Johan Helsingius ya buɗe wata na'ura a Finlan da ke cire sunan mai aika saƙo ta sa masa lamba, kuma masu neman shawara kan matsalolin da suke jin kunyar faɗa da sunansu sun yi amfani da ita sosai. Domin amsa ta iya komawa ga mai ita, na'urar tana ajiye kundin da ke haɗa kowace lamba da adireshinta na gaskiya. A Fabrairun 1995 'yan sandan Finlan suka zo da sammaci bisa ƙarar cocin Scientology, Helsingius ya ba da suna ɗaya don kada a kwashe kundin duka. Da kotu ta sake matsa masa a 1996, sai ya rufe na'urar. Ba wanda ya zarge shi da cin amana. Kundin ne matsalar, domin matuƙar yana nan wani zai zo nemansa. Masu sha'awar sun koma ga tunanin da David Chaum ya wallafa tun 1981, na bi da saƙo ta hannu da dama yadda babu hannun da ya san farko da ƙarshe a lokaci ɗaya. Abin ban dariya, tsarin Tor da ya gaji wannan tunani daga ɗakin binciken rundunar ruwan Amurka ya samo asali.

Ta ɓangaren shari'a ma ba tawaye suka yi ba, kotu suka je. A 1995 maɗaba'ar MIT ta buga rubutun PGP a matsayin littafi, tunda dokar fitar da kayan yaƙi ba ta iya hana littafi fita ba. Wasu suka buga tsarin RSA cikin layi uku a jikin riga don nuna wautar dokar. Daniel Bernstein, ɗalibin lissafi a Berkeley, ya kai gwamnati ƙara a 1995, mai shari'a Marilyn Hall Patel ta yanke a 1996 cewa rubutun manhaja magana ce da tsarin mulki ya kare, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa a 1999. An janye binciken Zimmermann a Janairun 1996 ba tare da an gurfanar da shi ba, kuma a Janairun 2000 aka sassauta dokokin fitarwar ƙwarai.

Da'awa ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Masu cin zarafin yara da masu safarar ƙwayoyi da 'yan ta'adda suna kulle saƙonninsu, akwai kuma binciken da ya tsaya cak saboda haka, akwai waɗanda aka zalunta da ba su sami hakkinsu ba. Baker ya ƙara da cewa ko da shirin na ganin dama ne, miyagu za su faɗa cikinsa domin dole su yi magana da mutanen gari da wayoyin da kowa ke riƙewa. Tambayar da ta dace ita ce ko ajiyar makulli tana kama su, kuma mene ne farashinta ga sauran jama'a. Game da kamun, tarihi ya nuna manyan masu laifi suna sayen nasu kayan na daban, 'yan sanda kuma suna cin musu ta hanyar farautar waɗannan kayan kai tsaye. A 2020 jami'an Faransa da Holan suka kutsa cikin na'urorin EncroChat suka karanta miliyoyin saƙonni. A Yunin 2021 aka bayyana cewa wayoyin ANOM da gungun miyagu ke saye da tsada FBI ce ke gudanar da su, aka kama sama da mutum ɗari takwas. A 2016 FBI ta janye ƙarar da ta kai Apple kan wayar maharin San Banadino bayan wani kamfani ya buɗe mata ita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci a riƙe makullin kowa.

Farashin kuwa an biya shi a zahiri. A Oktoban 1994 majalisar Amurka ta zartar da dokar CALEA da ta tilasta wa kamfanonin waya gina hanyar saurare a cikin na'urorinsu, ƙasashe da dama kuma suka bi sahu. Tsakanin 2004 da 2005 wasu da ba a gurfanar ba suka kunna irin wannan hanya a na'urorin Ericsson na kamfanin Vodafone a Girka, suka yi wata da watanni suna sauraron wayoyi sama da ɗari, ciki har da ta firaminista Kostas Karamanlis da ministocinsa. An ci Vodafone tarar Yuro miliyan 76. A 2015 masu bincike suka gano cewa raunanan makullan da aka tilasta a shekarun 1990 suna nan kwance cikin manhajoji, kuma ana iya yaudarar kwamfuta ta koma amfani da su, ɓarakar da aka sa wa suna FREAK da Logjam. A ƙarshen 2024 hukumomin Amurka suka tabbatar cewa wasu 'yan kutse da suka danganta da ƙasar Sin, zargin da Sin ta musanta, sun shiga manyan kamfanonin sadarwa irin su AT&T da Verizon, har suka kai ga bayanan da suka shafi sauraron da kotu ta ba da izini. A Disambar 2024 jami'an hukumar tsaron intanet ta CISA suka shawarci jama'a su koma manhajojin da ke kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa. Tun 1997 wasu masana goma sha ɗaya, ciki har da Diffie da Rivest da Blaze da Gilmore, suka yi gargaɗi a rubuce cewa ɓarauniyar hanyar da aka gina don hukuma ba ta tantance mai shiga, kuma suka maimaita a 2015.

Inda masu sha'awar suka gaza wani wuri ne da Baker bai taɓo ba. Kayansu suna da wuyar sha'ani. A 1999 Alma Whitten da Doug Tygar suka ba mutum goma sha biyu PGP su gwada, huɗu kawai suka iya kulle saƙo da sa masa hannu daidai cikin minti casa'in, wasu ma suka aika sirrin a buɗe suna zaton sun kulle. Sarƙar shaidar ba ta taɓa fita daga da'irar masu ƙwazo ba, tana kuma tona wa duniya wane ya san wane, kuma a 2019 wasu suka cusa wa makullan fitattun mutane dubban sa hannun banza har suka gurgunta na'urorin da ke rarraba su. Akwai kuma girman kai irin na masana, wanda ya daɗe yana ɗora laifin kuskure kan mai amfani maimakon kan manhaja. Gyaran daga cikin gida ya fito. Goldberg, ɗalibin nan da ya tona raunin Netscape, yana cikin waɗanda suka fito da tsarin hira na OTR a 2004, Moxie Marlinspike da Trevor Perrin suka gina tsarin Signal a kansa, wanda ke sauya makulli a kai a kai ba tare da mai waya ya san ana yi ba. A Afrilun 2016 WhatsApp ta kammala sa wannan tsari ga mutane sama da biliyan ɗaya, don haka ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke aika saƙon murya ga abokin cinikinsa a Maraɗi yana amfani da shi ko bai taɓa jin sunansa ba. Lambobin tsaro da manhajar ke nunawa don mutum biyu su gwada idan sun haɗu, ragowar al'adar duba tambarin makulli ce. Kulle saƙo bai ɓoye wa kamfani ko hukuma wa ya kira wa, da yaushe, da kuma daga ina, kuma ba ya kare wayar da aka riga aka dasa wa manhajar leƙen asiri.

Hujjar Baker ba ta mutu da Clipper ba, riga take sauyawa. Dokar ikon bincike ta Birtaniya ta 2016 ta ba gwamnati damar umartar kamfani a asirce ya samar da hanyar buɗe bayanai, kuma a Fabrairun 2025 Apple ta janye tsarin kulle ajiyar iCloud mai ƙarfi daga masu amfani a ƙasar bayan rahotannin cewa an ba ta irin wannan umarni. Ostireliya ta yi makamanciyar doka a 2018. A Tarayyar Turai tun 2022 ake ja-in-ja kan shawarar a riƙa bincika saƙonni don neman hotunan cin zarafin yara, har da yiwuwar yin binciken a kan wayar mutum kafin a kulle saƙon, abin da ɗaruruwan masana tsaron kwamfuta suka sa hannu a buɗaɗɗun wasiƙu suna cewa hanyar shiga ce da wani zai iya karkatarwa. A kowane zagaye masu goyon baya suna cewa fasaha ta ci gaba, yanzu za a iya ƙera hanyar da hukuma kaɗai za ta bi, amma har yanzu ba a gabatar da tsarin da aka buɗe wa masu bincike na waje suka jijjiga shi ya tsaya da ƙafarsa ba.